Kafin ka ƙona data a kan fim ɗin baƙin sararin samaniya

Duk mai niyyar sauke fim ɗin mamayar halittun wata duniya, ko ya biya mai tura fina-finai ya zuba masa a waya, ya fara tambayar kansa: jiragen yaƙin da ke ciki, aron wa ne? Ma'aikatar tsaron Amurka takan ba masu shirya fim aron jirage da sojoji, amma sai ta karanta labarin ya kwanta mata.

Battleship na 2012 da taimakon sojin ruwan Amurka aka yi shi, kuma ana ganin hakan tun daga farko har ƙarshe. In tashin bama-bamai kawai kake so, zai ishe ka, sai dai ka san tallan shiga soja ka saya. Independence Day na 1996 bai samu wannan aron ba, saboda masu shi sun ƙi cire batun Area 51, wani sansanin sirri na sojin Amurka da ake raɗe-raɗin ana ɓoye baƙin sararin samaniya a ciki. Duk da haka, shugaban Amurka ne da kansa ya hau jirgin yaƙi, sauran ƙasashen duniya suka yi zugum suna jiran dabara daga can.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne District 9 na 2009. Baƙin ne abin tausayi a cikinsa, an tsare su a unguwar kwano a Johannesburg. Tushen labarin shi ne unguwar District Six ta Cape Town a Afirka ta Kudu, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta mayar ta farar fata zalla a 1966, ta kori mutum sama da dubu 60. Saƙo mai kyau. Amma su wa aka nuna a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin don neman asiri? 'Yan Najeriya, shugabansu ma sunansa Obesandjo. Ministar yaɗa labarai ta Najeriya a lokacin, Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna shi a sinimomi. Na kalle shi da ƙanena, ya juyo ya ce, "Yaya, mu ne waɗannan?" Kada ka bar yara su kalle shi su kaɗai.

In fim ɗaya tak datarka za ta ɗauka, ka ɗauki Arrival na 2016. Jirage 12 suka sauka, masaniyar harshe ce ta zauna koyon rubutun baƙin har aka fahimci juna. Shi ma ka lura: Sin da Rasha aka ɗora wa gaggawar yaƙi.