Ramukan ƙarƙashin tashoshin jirgin Landan: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk mai son shiga tsofaffin ramukan da ke ƙarƙashin tashoshin jirgin ƙasa na Landan, ya sani ƙofar halal ɗaya ce: ziyarar Hidden London da gidan tarihin sufuri na birnin, London Transport Museum, ke shiryawa. Wuraren suna da yawa, tikitin kuma ba araha ba, dole sai an zaɓa.

Ni dai mafakar da ke ƙarƙashin tashar Clapham South nake tura kowa. Tana cikin mafaka 8 masu zurfi da gwamnatin Birtaniya ta haƙa bayan luguden bama-baman da Jamus ta yi wa Landan a 1940, amma ba a buɗe ta ga jama'a ba sai watan Yulin 1944, bayan Jamus ta fara harbo makamin V1, bam mai tashi da kansa. Matakala 180 za ka sauka, zurfin mita kusan 30, babu lif. A ƙasa, tsawon ramukan ya haura mil ɗaya, an tsara su ɗauki mutum 8,000. Gadajen ƙarfe masu hawa uku suna nan jere, ga allunan da ke nuna sassa da sunayen manyan hafsoshin sojan ruwa, Drake, Hardy, Nelson, don kada mai kwana ya ɓata wurinsa. Kana tsaye za ka ji rugugin jirgin layin Northern yana wucewa ta samanka. Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne bayan yaƙi. A 1948 aka sauke mutum sama da 200 daga cikin 'yan Karibiyan da jirgin ruwan Empire Windrush ya kawo, a kan waɗannan gadajen. Ofishin neman aiki mafi kusa da su yana Brixton, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa baƙaƙen fata suka kafu a unguwar. A 1951 kuma aka mayar da wurin masaukin baƙi mai araha.

Tashar Down Street, da aka rufe a 1932, ta fi suna saboda Firaminista Churchill ya fake a can a 1940, amma tsadarta ta yi yawa, lungunanta kuma ƙunci. Aldwych, da aka rufe a 1994, masu shirya fina-finai sun riga sun nuna wa duniya ita. Euston kuwa tsofaffin hotunan talla ne a bango tun 1962.

Yanzu ga inda nake son a natsu. Akwai masu tallar "yawon tashoshin da aka yi watsi da su" a intanet, da hotunan ramuka masu ɗaukar ido. Wani irinsu ya karɓi kuɗina, ya zaga da mu kan titi cikin sanyi, ya nuna mana jar fuskar ginin tsohuwar tasha da ƙofarta a garƙame, ya ce a sauka lafiya. Ko taku ɗaya ba mu yi zuwa ƙasa ba. Tun daga nan tambayata ta farko ga kowane mai talla ita ce: za a shiga ciki, ko daga waje za a tsaya? In ya fara kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka. Haka masu sayar da tikitin hannu a Facebook wai ranar ta cika. Ba ka da hanyar tabbatar da ingancinsa sai ka isa bakin ƙofa. Mafi haɗari su ne masu cewa sun san ɓoyayyiyar hanya da dare. Laifi ne a dokar ƙasar, wasu ramukan kuma suna dab da layin dogo mai wutar lantarki, ga shi kai baƙo ne da biza a fasfo.

Ka sayi tikiti a shafin gidan tarihin kai tsaye, da wuri, don ranakun kan cika. Ka sa rufaffen takalmi. Mai ciwon gwiwa ko asma ya yi lissafin matakala 180 ɗin nan tun daga gida, domin da ƙafa zai hawo su.