Goron Sallar da za ka ba kanka: fanka mai caji ko fawa bank?

Magidanci shi ne na ƙarshe a layin kayan Sallah. Ya yanko wa uwargida atamfa da leshi, ya ɗinka wa yara, ya sallami tela, ya tanadi kaji ko rago, ya canzo sababbin kuɗi saboda masu yawon barka da Sallah, shi kuwa tsohuwar shaddarsa ake kai wa masu bugu. To idan Allah ya sa wani abu ya rage a aljihu, ko an samu ɗan ihsani a wurin aiki, ba laifi ba ne mutum ya ba kansa goron Sallah. Sai dai a sayi abin da za a mora har wata Sallar.

Bari mu sallami masu ƙyalƙyali tukuna. Agogon zamani mai ƙirga taku ƙarin abin caji ne a gidan da wayar ma da ƙyar take cika. Iyafis mara waya kuwa, ranar da ƙwaya ɗaya ta faɗi a wurin alwala an gama. Sabuwar waya, in ta hannunka tana kira tana shiga WhatsApp, ta jira. Ƙaramin janareta? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, sayensa tamkar ƙara baki ne a gida, kullum sai ka ciyar da shi. Kilifa mai caji ce kaɗai a cikinsu nake girmamawa, musamman ga mai 'ya'ya maza da ya san layin shagon aski a daren jajibere.

Ni dai zaɓina fanka mai caji ce, mai batirin litiyam, haɗe da farantin sola. A 'yan shekarun nan Sallolin biyu a tsakanin Maris da Yuni suke faɗowa, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kan kai maki 40 ko ya wuce, kuma lokacin ne wuta ta fi wasan ɓuya. Kayan da zai ba ka barcin dare a watan Afrilu ya fi duk abin da za ka ɗaura a hannu mutane su gani.

Amma fanka suna ta tara. Jikin roba da fukafukai kusan duk ɗaya ne, bambancin yana cikin batir. Yawancin masu araha batirin dalma ne a cikinsu, irin baƙin nan mai nauyi, galibi mai bolt 6 ko 12. Ɗauki mai bolt 12 da 4.5Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa): ka ninka 12 sau 4.5, wat 54 ke nan na awa guda. Fanka mai inci 16 tana cin wajen wat 15 zuwa 25, gwargwadon gudun da ka sa ta. Ka ga in ka ƙure ta, awa biyu zuwa uku ta yi shiru, ko da an rubuta awa goma a kwali. Awa goman nan a lamba ɗaya ake nufi, inda iskar ko sauro ba ta kora. Ga shi batirin dalma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, mu kuwa ba ma kashe fanka sai ta mutu da kanta, shi ya sa kafin shekara ta zagayo sai ka ga ta koma sai da wuta.

Litiyam, musamman nau'in da ake rubuta wa LiFePO4, yana jure caji da saukewa sau dubu biyu ko fiye, inda na dalma 'yan ɗaruruwa ne. Bai da nauyi, yana saurin cika, kuma ya fi sauran nau'o'in litiyam jure zafi, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Mai bolt 12 da 12Ah yana riƙe da wajen wat 150 na awa guda, ya isa ya kai ka asuba a matsakaicin gudu. Ka haɗa shi da faranti mai wat 50. Ranar Arewa tana ba da awa biyar zuwa shida na cikakken haske, ya ishe shi cika ko ba a kawo wuta ba. Ka dai riƙa share ƙurar farantin, don ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi sosai. Ka nemi wadda ke da wurin cajin waya da 'yar fitila, kuma wadda ake kwance murfin batirinta da sukudireba a sauya. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi. Akwai kuma tsarin biya kaɗan-kaɗan irin na kamfanin sola na Sun King, yana taimakon mai ƙaramin ƙarfi, amma ka tara jimillar kuɗin kafin ka sa hannu, kuma ka sani in ka makara da biya na'urar na rufe kanta.

Fawa bank shi ne na biyu a wajena, kuma in kuɗin bai kai na fanka ba shi za ka saya. Mai 20,000mAh ya wadatar. Kada ka zata zai cika waya mai 5,000mAh sau huɗu, domin wajen kashi ɗaya cikin uku na lalacewa a hanya; sau biyu da rabi zuwa uku shi ne gaskiya. Mai niyyar Umara ko Hajji ya lura: jiragen sama ba sa yarda a sa shi a jakar awo, sai ta hannu, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. An taɓa sayar mini da fawa bank mai lamba 30,000 a jiki, da nauyinsa mai gamsarwa, mai shagon har da rantsuwa: "Wallahi Alhaji orijina ne, ni ma irinsa nake riƙewa." Da ya daina aiki mai gyara ya buɗe, ƙwayar batir biyu ce ke da waya, sauran kwanso ne cike da yashi. Saboda haka nauyi kaɗai ba hujja ba ne, amma rashinsa hujja ne: 20,000mAh na gaske yana kusan gram 400, duk wanda ka ji shi sakayau ajiye musu kayansu. Wanda bai fi tafin hannu ba aka rubuta masa 50,000 ko 100,000, ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwayoyin batir ɗin nan masu lamba 18650, mafi kyawunsu a duniya suna wajen 3,500mAh ne, amma za ka gansu a tire an buga musu 9,900.

A fanka ma haka. Kwali ya ce litiyam, ciki dalma. Ko litiyam ɗin ne amma ƙwayoyin da aka ciro daga matattun kwamfutoci aka sake musu riga. Ka ce a kwance murfin a gabanka. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan, wanda ya fara "haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" ka yi masa sai an jima. Farantin sola kuwa takardar baya ake sauyawa, mai wat 50 ya wayi gari ya zama 100. Girma ba ya ƙarya: faranti mai wat 100 na gaske yana kusan rabin murabba'in mita, misali tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita. Tafi da abin awonka.

A Farm Centre ko titin Beirut ko Sabon Gari a Kano, ko Banex a Abuja, masu amana suna da yawa, amma tun daga bakin ƙofa 'yan kayi-nayi za su tare ka, kuma la'adarsu a cikin kuɗinka take. Wuce su ka shiga shago mai lamba, wanda za ka iya dawowa ka same shi bayan Sallah. Kamfanoni irin su Oraimo da Anker sun yi suna, shi ya sa jabunsu ma ya yi yawa. Ka duba rubutun kwalin da kyau, harafi ɗaya kawai ake sauyawa, kuma in akwai lambar da ake kankarewa a tantance ta intanet, kankare ta nan take kafin kuɗi su bar hannunka. Rasit ya ɗauki sunan shago da kwanan wata da tsawon garanti a rubuce, ba "in ta samu matsala ka dawo" ba. Masu talla a Facebook da TikTok da ke cewa a tura kuɗi tukuna don "bonanzar Sallah", ka ce sai kaya sun iso hannunka.

Kuma kada ka bari sai jajibere. A ranar kasuwa ta cika, mai shago ba shi da lokacin gwada maka komai. Je ka saura mako biyu, ka cika fankar taf, ka cire ta daga wuta, ka kunna ta a lamba biyu ka duba agogo. In ba ta kai rabin abin da aka faɗa maka ba, washegari da safe ka mayar da ita tun kwalin bai yage ba.