Kafson Bio-Kult da ciwon damuwa: abin da ke cikin kwalin da abin da gwaji ya nuna

Kayan da ake tallatawa da sunan gyara hanji don samun natsuwar zuciya sun yi yawa, kuma akasarinsu ba a taɓa gwada su a kan mai ciwon damuwa ko ɗaya ba. Bio-Kult mai nau'in bakteriya 14 yana cikin 'yan kaɗan da aka gwada a kan marasa lafiya na gaske, aka kuma buga sakamakon a mujallar likitoci mai daraja. Shi ya sa ya cancanci a duba shi da kyau. Hukuncinmu tun daga farko shi ne, kaya ne mai tsari, yana iya zama ɗan ƙari ga wanda yake kan maganin asibiti, amma ba ya maye gurbin maganin, kuma zafin ƙasarmu na iya lalata shi kafin ya kai bakin mai sha.

Kamfanin ADM Protexin da ke yankin Somaset a Ingila ne yake yin sa. Yana zuwa a kwali mai kafso 30, 60 ko 120, jere a kati kamar sauran magunguna. Kowane kafso na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu rai biliyan 2, waɗanda aka busar suka zama gari, sai sun haɗu da danshi a ciki suke farfaɗowa. A jikin kwalin za a ga haruffa uku, CFU, kusa da adadin. Ma'aunin ƙwayoyin da ke da ran hayayyafa ke nan. Bakwai daga cikin nau'ukan 'yan gidan Lactobacillus ne, huɗu 'yan gidan Bifidobacterium, sai Bacillus subtilis da Lactococcus lactis da Streptococcus thermophilus. Wasunsu ba baƙi ba ne a wurinmu: Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus su ne ke mayar da madara yogot, Bacillus subtilis kuwa shi ne jagoran ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Abin yabo a nan shi ne kowane nau'i an rubuta shi da lambarsa, misali PXN 21. Kwalin da ya rubuta sunan gida kawai ba lamba, bai faɗa maka abin da kake saya ba, domin bakteriya biyu masu suna ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen aiki. Ɓawon kafson na tsirrai ne, ba na kitsen dabba ko ƙashi ba, wanda hakan ke kwantar da hankalin masu tambaya a kan halasci. Akwai ɓurɓushin madara da waken suya a ciki, don haka mai borin jini da ɗayansu ya kiyaye.

A lura da suna wajen saye. Kamfanin yana da kaya da dama a ƙarƙashin Bio-Kult, har da wanda ake kira Mind, mai nau'in bakteriya ɗaya tare da sinadarin zinki da tsatson 'ya'yan itace. Sunansa na jan mai neman lafiyar ƙwaƙwalwa, amma ba shi aka yi gwajin ciwon damuwa da shi ba. Wanda aka gwada shi ne wanda a lokacin gwajin ake kira Advanced, alamarsa nau'i 14.

Me ya haɗa hanji da zuciya tun farko? Babban mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Hanyoyin da suke taɓa ƙwaƙwalwa da aka fi sani uku ne. Akwai doguwar jijiyar bagus da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta sauka har hanji, kuma mafi yawan zarenta saƙo suke kaiwa sama, ba ƙasa ba. Akwai garkuwar jiki: idan bangon hanji ya yi rauni, gutsattsarin bakteriya na tsallakawa cikin jini su tayar da kumburi na ɓoye, irin wanda ake samu a jinin wasu masu ciwon damuwa. Sai sinadaran da bakteriyar ke fitarwa idan sun ci harza, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake da cikinmu ba ya iya narkarwa. Ɗaya daga cikin sinadaran shi ne abincin ƙwayoyin halittar bangon hanji. Masu talla suna son cewa kashi 90 cikin 100 na sinadarin sirotonin, wanda ke da alaƙa da yanayin zuciya, a hanji ake yin sa. Gaskiya ne, sai dai ba sa ƙarasa zancen. Sirotonin na hanji ba ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Aikinsa motsa hanji, ƙwaƙwalwa kuwa nata take yi.

Hujjoji mafi ƙarfi daga ɓeraye suka fito. A 2004, masu bincike a Jami'ar Kiyushu ta Jafan sun nuna ɓerayen da aka raina ba bakteriya ko ɗaya a jikinsu suna fitar da sinadarin firgici fiye da kima, kuma ba su Bifidobacterium infantis ya daidaita su. A 2011, masu bincike a Kok ta ƙasar Ailan da abokan aikinsu na Kanada sun ba ɓeraye wani nau'in Lactobacillus rhamnosus, alamun fargaba suka ragu, da aka yanke jijiyar bagus kuma amfanin ya ɓace. Amma da aka ba maza masu lafiya wannan nau'in a 2017, ba a ga bambanci da kafson da ba komai a cikinsa ba. A Beljiyam, binciken 2019 a kan mutum sama da 1,000 ya gano masu ciwon damuwa suna da ƙarancin bakteriya iri biyu, Coprococcus da Dialister. Babu ko ɗayansu a cikin Bio-Kult, kuma binciken bai nuna wanne ya haifar da wanne ba, tunda mai damuwa yakan canza cimarsa da barcinsa, hanjin ya bi sahu.

Yanzu gwajin da ya shafi wannan kaya. An yi shi a kwalejin King's da ke Landan, aka buga a mujallar JAMA Psychiatry a 2023. Mutum 49 ne, masu shekara 18 zuwa 55, mafi yawansu mata, dukansu likita ya tabbatar suna da ciwon damuwa, suna shan maganin asibiti amma sauƙin bai cika ba. An ba 24 Bio-Kult, an ba 25 kafso mai kama da shi wanda ba bakteriya a ciki, ba tare da su ko masu auna su sun san wanda ya samu wanne ba. Kafso 4 kullum, wato ƙwayoyi biliyan 8, har mako 8, kuma babu wanda ya ajiye maganinsa. Ɓangarorin biyu duk sun samu sauƙi, amma masu shan Bio-Kult sun ɗara a wasu ma'aunai na damuwa da na fargaba, a wasu kuma bambancin bai fito ba. Ba a samu wata mummunar illa ba, kuma kusan kowa ya sha yadda aka ce.

Sakamako ne mai ƙarfafa guiwa, sai dai a auna shi da ma'auninsa. Gwajin share fage ne, manufarsa ta farko a ga ko mutane za su jure shan kafson, ba a tabbatar da warkarwa ba. Mutum 49 sun yi kaɗan a yanke hukunci. Kamfanin yana cikin masu tallafa wa aikin, wanda ba laifi ba ne amma ya kamata mai saye ya sani. Kuma a Niyu Zilan, gwajin 2017 da aka yi wa mutum 79 masu ƙuncin zuciya waɗanda ba sa shan magani, da wani haɗin bakteriya daban, bai nuna amfani ba bayan mako 8. Wannan ya yi daidai da abin da ake yawan gani a fannin: inda ake samun ɗan amfani shi ne idan an haɗa da magani, ba shi kaɗai ba. A Ingila ma Bio-Kult ƙarin abinci ne a idon doka, shi ya sa ba za ka ga an rubuta yana maganin damuwa a kwalin ba. Duk mai sayarwa da ya ce maka haka, daga bakinsa ya ƙara.

Lissafin aljihu shi ne inda mutane ke tuntuɓe. Kwalin ya ce kafso 1 zuwa 2, sau ɗaya ko biyu a rana, tare da abinci. Wanda ya sayi kwali mai 30 yana shan ɗaya kullum, rubu'in abin da aka gwada yake sha, na rabin lokacin. Bin tsarin gwajin na buƙatar kafso 224: kwali biyu masu 120, ko huɗu masu 60, ko takwas masu 30. A ninka farashin kafin a fara, domin kaya ne da ake shigo da shi, kuɗinsa na bin canji. Ko biliyan 8 ɗin ma, idan aka gwama da abin da ke cikin hanji, kamar cokalin shayi ɗaya ne a jarka mai lita 25. Yawanci ƙwayoyin kafson ba sa zama a hanji dindindin; suna aiki ne yayin wucewa, bayan an daina kuma su ɓace cikin kwanaki ko 'yan makonni. Binciken cibiyar Weizmann ta Isra'ila a 2018 ya nuna hanjin wasu mutane ma sam ba ya karɓar baƙin bakteriya. Saboda haka mutum biyu na iya shan kwali iri ɗaya, ɗaya ya ji canji, ɗaya bai ji komai ba.

Babbar matsalar kayan a wajenmu zafi ne. Ba ya buƙatar firji, amma ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 25, a busasshen wuri da rana ba ta kaiwa. A Kano ko Sakkwato ko Maradi, watan Afrilu na haura digiri 40, shagon kwano kuma ya fi waje zafi. Ƙwayoyin suna mutuwa a hankali, kuma ba abin da zai nuna: launin gari bai canza ba, wari bai canza ba, ranar ƙarewar wa'adi tana nan daram. Bacillus subtilis kaɗai ke da juriya sosai saboda yana iya rufe kansa cikin ƙwanso, sauran ba su da wannan gatan. Don haka a saya a kemis mai na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki da gaske, a guji kwalin da ya kwana a gilashin da ke fuskantar titi, ko wanda ya yi kwanaki a bayan mota. A duba ranar ƙarewa, a tabbata lambar da ke kan katin ta yi daidai da ta kwalin, a nemi lambar NAFDAC idan a Najeriya aka saya. A gida, idan ɗaki na zafi, ƙofar firji ta fi, cikin roba mai murfi saboda danshi. Kada a saka a wurin ƙanƙara. Kada a ɓallo kafso daga kati sai lokacin sha.

Wajen sha, a fara da kafso 1 na kwana uku ko huɗu, a ƙara zuwa 2, sannan 4 a raba safe da dare. Farawa da yawa lokaci ɗaya ke kawo kumburin ciki da iska da ƙugi, saboda hanji bai saba ba. Yawanci yana lafawa cikin mako guda. A sha a tsakiyar cin abinci, lokacin da abincin ya rage kaifin ruwan ciki, da ruwa mai sanyi ko na ɗaki. Ana iya buɗe kafson a barbaɗa a fura ko yogot, amma ba a koko mai tururi ko shayi ba. Mai azumi ya raba tsakanin sahur da buɗa-baki. Mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ya bar tazarar awa 2 aƙalla, in ba haka ba maganin zai kashe abin da ya saya.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa shi ba sai da izinin likita: mai shan maganin ciwon daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai cutar ƙanjamau da garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, wanda aka saka wa robar ƙarin ruwa a babbar jijiya, da mai matsanancin ciwon gaɓar da ke fitar da insulin, wato pankiriyas. A irin waɗannan, bakteriya mai amfani na iya shiga jini ta zama cuta. Jariran bakwaini ma haka. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2023.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa. A Ostireliya, gwajin 2017 a kan mutum 67 masu ciwon damuwa ya nuna kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka gyara wa cima na mako 12 sun fita daga ciwon, a ɓangaren da ba a gyara wa cima ba kuma kashi 8. Cimar ita ce hatsi da ba a surfe ba, wake, ganye, 'ya'yan itace, kifi, da rage kayan zaƙi. Gero, dawa, wake, zogale, kuka, kuɓewa da gyaɗa duk suna ciyar da bakteriyar da ke hanji tun asali. Kindirmo kuma na kawo masu rai, muddin an dafa madarar kafin a ɗaura, saboda ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin shanu da wasu cututtuka. Lita ɗaya, a dafa har ta kusa tafasa, a bari ta huce zuwa ɗumin da yatsa zai jure, wajen digiri 43, a zuba babban cokali 2 na kindirmon jiya, a rufe awa 6 zuwa 8. Idan an zuba da zafi, ƙwayoyin sun mutu, ba zai kama ba. Idan ya wuce lokaci, ya yi tsami ya tsinke. Abinci ne mai kyau, amma ba magani ba ne.

Wanda Bio-Kult ya fi dacewa da shi shi ne mai ciwon damuwa da ke kan magani, sauƙin bai cika ba, musamman idan yana fama da kumburin ciki ko rikicewar bayan gida, kuma yana da halin sayen na mako 8 daga wuri mai sanyi. Ya sanar da likitansa, kada ya rage maganinsa ko ƙwaya ɗaya. Ya riƙa rubuta abu uku kowane mako: awa nawa yake barci, yadda cin abincinsa yake, da ko yana iya fita harkokinsa. Idan mako 8 ya cika rubutun bai nuna canji ba, ya daina saye. Wanda kuwa ya yi mako 2 ko fiye cikin ƙunci, ba barci, ba sha'awar komai, ko tunanin halaka kansa ya fara zo masa, asibiti ne wurinsa a ranar, ba kemis ba: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, ko sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.