Sharhi: Mayar da Motar Kwana daga Christchurch zuwa Auckland a kan Dala Ɗaya a Rana

Kamfanonin hayar motoci a ƙasar Niyu Zilan suna fama da wata matsala da ta zama alheri ga mai ƙaramin ƙarfi. Yawancin masu yawon buɗe ido a Auckland suke sauka, birni mafi girma a ƙasar, wanda ke tsibirin arewa, su ɗauki motar kwana, wato motar nan mai gado da murhu da firiji da ɗan banɗaki a ciki, su yi ta gangarawa kudu har Christchurch ko Queenstown da ke tsibirin kudu, su ajiye ta a can su hau jirgin sama. Ta haka motoci ke taruwa a kudu alhali a arewa ake nemansu. Maimakon kamfani ya biya direba ladan aiki da kuɗin jirgin komawa, sai ya tallata motar a shafuka irin su Transfercar da Imoova, ya ba duk wanda ya yarda zai kai ta inda ake so cikin wa'adin da aka yanka, a kan dala ɗaya ta Niyu Zilan a rana, wani lokaci ma kyauta. Ni da mai ɗakina mun gwada wannan tsari daga Christchurch zuwa Auckland, kuma ra'ayina shi ne sauƙin gaskiya ne, amma ga wanda dama tafiyar ta kama shi ta wannan hanyar, kuma yake da ikon sauya ranar tashinsa.

Mu dai dole ce ta sa, domin komawa arewa za mu yi da akwatuna da tukwane da littattafai, kayan da kuɗin awonsu a jirgin sama kaɗai zai iya kai kuɗin tikiti. Motar ta zama mana abin hawa da masauki da motar kaya a lokaci guda, kuma a nan ne babbar ribar take.

Neman motar shi ne abu na farko da ke buƙatar haƙuri. Ba a cika tallata su da wuri ba, sai saura 'yan makonni ko ma 'yan kwanaki, domin kamfani ba ya sanin inda zai yi ƙarancin mota sai masu haya na cikakken farashi sun gama kama tasu. Kowace talla tana bayyana ranar ɗauka, da ranar da dole a miƙa motar, da yawan kilomitar da aka yarda a yi, da abin da kamfanin zai ɗauke wa direba. Wannan na ƙarshen shi ya kamata mutum ya fi zura wa ido, domin tsakanin tsibiran biyu akwai mashigin ruwa na Cook, kuma tsallakar da doguwar mota a jirgin ruwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tallar da muka ɗauka ta haɗa da kuɗin tsallakar da motar da direba ɗaya, mai ɗakina kuwa mu muka saya mata tikiti. Da a ce ba a haɗa da jirgin ruwan ba, da ban ɗauka ba, kuma ba zan shawarci kowa ya ɗauki irinta ba sai ya fara tambayar farashin tsallakawar.

A ofishin kamfanin, wanda ke kusa da filin jirgin sama, a nan ne dala ɗayar ta fara haihuwa. Inshorar da ke tafe da motar tana barin dubban daloli a wuyan direba idan an yi haɗari, kuma kamfanin yana riƙe wannan kuɗi ko wani kaso nasa a katin banki a matsayin jingina har sai an dawo da motar lafiya. Wanda ba ya son haka sai ya biya ƙarin kuɗi a kowace rana a rage masa nauyin. Na biya, kuma wannan ƙarin ya ninka kuɗin hayar kanta sau da yawa, amma ban yi nadama ba, domin tsakuwa ɗaya da babbar mota za ta watso wa gilashin gaba ta isa ta cinye duk abin da aka tanada. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne layin da muka bi, inda aka riƙa sallamar masu cikakkiyar haya kafin mu, har rana ta yi nisa, alhali wannan yinin yana cikin lissafin wa'adinmu. Sun kuma nemi kuɗi dabam a kan zanen gado da bargo, muka ce a bar su tunda muna da namu. Kafin na sa hannu na zagaya motar da waya ina ɗaukar hoton kowane karce, har da wani ɗan lotsawa a saman rufin baya da ma'aikaciyar ba ta rubuta a takarda ba sai da na nuna mata.

Game da lasisi, na Najeriya da Turanci aka rubuta shi, don haka ana karɓarsa idan bai ƙare ba, amma mai lasisin Nijar na Faransanci yana buƙatar fassarar da hukuma ta amince da ita ko lasisin ƙasa da ƙasa. A hannun hagu ake tuƙi a can, abin da Najeriya ta bari tun 1972, saboda haka wanda bai saba ba ya yi hattara a shataletale da kuma lokacin fitowa daga gidan mai, inda hannu ke saurin komawa ga abin da ya saba.

Tafiyar kanta kusan kilomita 1,000 ce ta tuƙi, kwatankwacin Kano zuwa Legas: kimanin 340 daga Christchurch zuwa Picton, inda ake shiga jirgin ruwa, sai kimanin 650 daga Wellington, inda jirgin ke saukewa a tsibirin arewa, zuwa Auckland. A takarda ba ta da yawa, amma hanya ce mai lanƙwasa da hawa da gangara, yawancinta layi ɗaya kowane ɓangare, motar kuma doguwa ce mai nauyi da iska ke kaɗawa. Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne gaɓar tekun Kaikoura, inda titin ya ratsa tsakanin dutse da ruwa. Girgizar ƙasar Nuwamban 2016 mai ƙarfin maki 7.8 ta rufe wannan hanya da zaftarewar ƙasa, ba a sake buɗe ta ba sai Disamban 2017, kuma har yanzu ana ganin ragar ƙarfe da aka lulluɓe duwatsun da ita. A Ohau Point muka tsaya muka ga karnukan ruwa kwance a kan duwatsu suna shan hantsi, 'ya'yansu suna wasa a cikin kududdufai. Mun so mu kwana biyu a garin Kaikoura, amma lokacin jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Wannan shi ne ainihin abin da mutum ke biya a madadin kuɗi: yana wuce wuraren da wasu suka tsallako duniya domin su gani, shi kuwa idonsa na kan agogo.

Tsallakawa daga Picton zuwa Wellington tana ɗaukar kimanin sa'a uku da rabi. Ana buƙatar a iso tun kafin lokaci, a rufe tukunyar gas, kuma ba a barin kowa ya zauna cikin mota yayin da jirgin ke tafiya, don haka a ɗauki abinci da rigar sanyi a hau sama. Mashigin Cook ya yi suna wajen haukar igiyar ruwa, akan kuma soke tashi idan yanayi ya ɓaci, shi ya sa na fi ganin hikimar a tsallaka da wuri a bar rarar lokaci a arewa, a kuma riƙe lambar kamfanin domin a sanar da su nan take idan an sami jinkiri.

Wajen kwana da abinci ne muka fi ganin sauƙi. Mun yi cefane a babban kanti kafin mu tashi, muka sami naman halal a Christchurch, muna dafa shinkafa da miyarmu a murhun motar, muna kuma yin alwala da ruwan tankinta mu yi salla a gefe ba tare da neman izinin kowa ba. Sai dai ba ko'ina ake yada zango ba. Dokar ƙasar, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2023, ta tanadi cewa a yawancin filayen hukuma motar da ke da shaidar tana da kafaffen banɗaki da tankin ruwan datti ce kawai za ta kwana kyauta, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da nata ƙa'idojin, tarar saɓawa tana kai dala 400. Manhajar CamperMate ta taimaka mana ƙwarai wajen gano wuraren da aka halatta da inda ake zubar da ruwan datti. Dare ɗaya mun biya kuɗi a sansani mai wutar lantarki kusa da tafkin Taupo, bayan mun ratsa hanyar da ake kira Desert Road, dutsen Ruapehu yana hagunmu, domin sanyin wurin ya fi ƙarfin bargo, na'urar ɗumama motar kuma sai da wuta take aiki.

Mai shi ne kuɗi mafi girma da ya fita daga aljihunmu. Motar dizal ce, dizal kuma ya fi fetur araha a famfo a ƙasar, amma dalilin arahar shi ne motocin dizal suna biyan harajin hanya dabam bisa yawan kilomitar da suka yi, kamfanin kuma ya cire wannan daga katina bayan mun miƙa motar. An rubuta shi a yarjejeniyar, sai dai da ƙananan haruffa. Da na haɗa mai da inshora da tikitin mai ɗakina da harajin hanya da sansani, jimillar ta ɗara kuɗin tikitin jirgin sama mai rahusa na mutum biyu, amma ta yi ƙasa sosai da abin da za mu kashe a hayar irin wannan mota a kan cikakken farashi, ko a jirgi da awon kaya da otal. Wanda kuma zai sake sayen tikitin komawa Christchurch, to ya sa shi cikin lissafi tun farko.

A Auckland an buƙaci mu miƙa motar kafin a tashi daga aiki a ranar ƙarshe, da tankin mai cike, da banɗaki da tankin datti a wanke, domin kowanne da tararsa. Cunkoson babbar hanyar kudancin birnin da yamma ya kusa sa mu makara, saboda haka ina ba da shawarar a kwana kusa, misali wajen Hamilton, a shiga da hantsi. An duba motar a gabana, hoton lotsawar rufin ya raba gardama cikin minti ɗaya, kuɗin jinginar kuwa sai da ya yi fiye da mako kafin ya dawo asusuna, don haka kada mutum ya jingina da kuɗin da yake shirin biyan hayar gida da shi.