Na kama tebur a taron komik: sharhin mai sayar da tsofaffin littattafai daga Sakkwato

Akwatin ƙarfe biyu na ɗauka daga gidanmu da ke Mabera, irin akwatin nan da ake yi wa amare jere da shi a da, kowanne shaƙe da littattafan komik, wato labaran da ake bayarwa da zane, maganar mutanen ciki tana fitowa a ɗan kumbo bisa kansu. Kwana huɗu na yi ina shirya su. Kowane littafi na sa shi a leda, na tokare bayansa da kwali don kada ya lanƙwashe, na zuba kafur a kusurwar akwati. Guda 340 na ƙirga. Da yayana ya ga ana ɗora kayan a mota, sai ya ce da ni, "Wagga tafiya taka, riba kaka nema ko kallo?" Na ce masa duka biyu. Abuja muka nufa, ni da ɗan ƙanwata mai shekara goma sha shida, inda na biya kuɗin tebur na kwana biyu a wani taron masoya komik. Karo na uku ke nan da nake kama tebur a irin wannan taro, shi ya sa nake ganin zan iya faɗin abin da ya canja.

Son abin nan gado na yi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da tarin mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa fitarwa a ƙarshen shekarun 1960, labarin Lance Spearman da ake bayarwa da hotunan mutane na gaske maimakon zane. A ƙasan akwatin tufafinsa na tsince su ina yaro. Daga nan na fara bin 'yan gwanjon littattafai a kasuwa, ina tonon abin da ya zo cikin dilar littattafan makaranta daga ƙasashen waje. Wani lokaci sai ka yini kana tono ka samu guda biyu, ɗaya ma ba bango. Wanda bai ajiye takarda a Sakkwato ba, bai san wahalarta ba. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, takardar komik kuwa mai arha ce, irin ta jarida, sai ta yi ja ta bushe, in ka buɗe da gaggawa ta karye a hannunka kamar busasshen ganye. Hunturu ya zo da ƙura mai shiga ko'ina, damina ta zo da gara. Duk littafin da ya kai shekara talatin a garin nan yana nan lafiya, to wani ne ya tsaya a kansa.

Game da hidimar da na biya wa kuɗi, ba ni da ƙorafi mai yawa. An ba ni tebur ɗaya, kujera biyu, da katin shiga na mutum biyu, kamar yadda aka yi alkawari. Masu shirya taron suna amsa saƙo da wuri, akwai masu tsaro a ƙofa, wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, an kuma ware wurin da muka yi sallah ba tare da mun fita neman masallaci ba. Wannan na yaba ƙwarai. Matsalata ɗaya ce da su, ita ce inda aka ajiye mu. Mu 'yan takarda, tebur biyar ne kacal, aka jera mu can ƙurya bayan dandamali, dab da manyan lasifika. Ciniki kuwa magana ce. Mai saye yana son ya tambaye ka shekarar bugu, ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ku daidaita. A wurin nan sai ka sa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka.

Jama'a kam an samu, fiye da duk taron da na taɓa zuwa. Amma ina suka nufa? Wurin gasar shiga, inda samari da 'yan mata suka yi ado irin na jaruman fina-finai da katun ɗin Japan, wasu sun yi wata guda suna ɗinka kayan da hannunsu. Sai wurin wasannin kwamfuta, inda layi bai yanke ba tun safe har yamma. Sai teburan masu riguna, sitika, maƙallan makulli da 'yan gumakan roba. Da azahar ta yi ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, "Kawu, mi yas sa ba su tsayawa wurinmu?" A taron farko da na je, tun kafin in gama kasa kaya mutane sun kewaye tebur, kowa ya sunkuya yana tona akwati da yatsu, wani da 'yar takardarsa a hannu ya rubuta lambobin da suka rage masa ya cike jeri. A wannan karon mutum uku kawai na gani da irin wannan takarda cikin kwana biyu.

Wani saurayi ya tsaya, mai ladabi, ya nemi izini kafin ya taɓa. Ya ɗauki littafi ɗaya, ya jujjuya shi, ya ɗauki hoton bangon da wayarsa, ya duba farashinsa a intanet a gabana. Sai ya ce labarin ya riga ya karanta shi a waya, bangon ne ya burge shi. Ya mayar da shi cikin ledarsa da kyau, ya yi godiya, ya matsa tebur na gaba ya sayi sitika biyu. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Yana son abin da nake so, hanyar da ya bi ya same shi ce daban, kuma aljihunsa ba zai ɗauki farashina ba.

Farashin kuwa ba son raina ba ne. Sabon komik a Amurka yana kai dala 4 zuwa 5, ɗan siririn littafi mai shafi talatin da 'yan kai har da talla. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ke nan littafi ɗaya ya kai naira 6,000 zuwa 7,500 tun kafin a sa kuɗin jigila. Ɗalibin da zai ba da wannan a kan abin da zai karance cikin minti ashirin, sai wanda abin ya shiga jininsa. Ni kuma a nawa ɓangaren ga kuɗin tebur da ya ƙaru a kan na baya, ga kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ga na kaya da direba ya caje ni daban saboda nauyin akwatunan, ga masauki na kwana uku da abinci a gari mai tsada. Littafi 47 na sayar. Da na zauna na yi lissafi a masauki daren ƙarshe, ribar ba ta rufe kuɗin tafiyar ba, sai da ta ci wani abu daga uwar kuɗi. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ba a nan kaɗai abin ya juya haka ba. Shahararren taron komik na San Diego a Amurka ya fara ne a 1970 a wani otal, da mutum kusan 300, yawancinsu masu tarawa da masu sayarwa da masu zane. Yau mahalartansa sun haura 130,000, kuma abin da ya fi jan mutane shi ne babban zauren da kamfanonin fim ke nuna abin da za su fitar, zaure mai cin mutum kusan 6,500, har kwana ake yi a layi don a samu shiga. A 2017 Chuck Rozanski, mai kantin Mile High Comics na birnin Denba, ɗaya daga cikin manyan dilolin tsofaffin komik, ya daina kama wuri a taron bayan shekara 44 yana zuwa, ya kafa hujja da tsadar wuri da raguwar masu zuwa sayen littafi. In har mai irin wannan jari ya tattara kayansa, ni mai akwati biyu ba abin mamaki ba ne in ji a jikina.

Abin da ya fi taɓa min rai shi ne yadda su kansu masu tarawar suka canja. Cikin 'yan kaɗan da suka zo da niyyar saye, biyu tambayarsu ta farko ita ce, "Maki nawa?" Tun shekarar 2000 akwai kamfanin CGC a Amurka da ake aika wa littafi ya duba lafiyarsa, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi ruf cikin kwanson roba mai tauri. Da zarar ka fasa kwanson, makin ya daina aiki. Wato littafin da ya fi daraja shi ne wanda ba za a ƙara buɗewa ba. Labarin manyan kuɗi ya ƙara zuga abin, musamman da aka sayar da kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1, na 1938, a kan dala miliyan 6 a watan Afrilun 2024. Tun daga nan wasu suke kallon kowane tsohon komik kamar fili ko gwal. Na fahimci amfanin makin, yana hana a cuci mai saye daga nesa. Amma nawa littattafan da suka sha zafin Sakkwato, masu jan gefe, wasu da sunan yaron da ya fara mallakarsu rubuce da biro a bango, ba za su taɓa cin babban maki ba, alhali ba shafin da ya ɓata a cikinsu, ga labari nan cikakke. Ni don a karanta nake tara su.

Masu saye na gaske ba su ƙare ba, wuri suka sake. Yawancin cinikina yanzu a WhatsApp nake yin sa. In ɗauki hoton bango da baya da tsakiya, in nuna duk inda ya yage, mutum ya turo kuɗi, in naɗe a kwali in kai tasha in ba direban Kano ko Kaduna, washegari ya karɓa. Ba kuɗin tebur, ba masauki. Abin da na sayar a wata biyu ta wannan hanya ya fi na taron nan.

Waɗanda na ga taron ya yi wa rana su ne masu zana nasu labarin da kansu. Tun da Ayodele Elegba ya kafa taron komik na Legas a 2012, Jide Martin ya buɗe kamfanin komik na Comic Republic a 2013, Roye Okupe kuma ya kai labaransa har ga kamfanin Dark Horse na Amurka, yaranmu suka ga cewa abin ba na Turawa da Japanawa kaɗai ba ne. A jerin masu zane na tarar da wata matashiya 'yar Arewa da 'yan littattafanta da ta buga da kuɗinta, maganar ciki da Hausa, mutanen ciki da hula da mayafi, gidajen da zanko. Tana sa hannu a kowane kwafi, tana kuma zana fuskar mutum nan take in ya biya. Teburinta bai rabu da mutane ba. Na sayi uku. Ɗan ƙanwata, wanda ke cika bayan littafin lissafinsa da zane, ya fi awa ɗaya tsaye a wurinta tana nuna masa yadda ake raba shafi gida-gida don idon mai karatu ya san inda zai bi. Wannan ba a samunsa a waya. Ga mai irin wannan sana'a, kuɗin tebur ba asara ba ne, don da shi ake saninsa.

A rana ta biyu da la'asar wani dattijo ya zo da jikarsa, ita ta ja shi zuwa taron don ta ga masu shiga. Na ɗora African Film guda biyu na mahaifinmu a gefen tebur, don kallo kawai. Yana hango su ya tsaya cak. Ya ce, "Malam, a ina ka samo waɗannan?" Na ce, "Baba, na mahaifina ne, daga Sakkwato na zo da su." Na ba shi kujerata. Ya sa tabarau, ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya karɓa, ya riƙa buɗe shafi da gefen yatsa, a hankali, yadda wanda ya san tsohuwar takarda ke yi. Ya ce suna makarantar kwana kwafi ɗaya yakan zagaye ɗaki guda, wanda ya fi iya Turanci ya karanta da ƙarfi sauran suna leƙen hoto. Ya taya da farashi mai kyau, na ce albarka, ba na sayarwa ba ne. Bai ja ba, ya ce da shi ne ma ba zai sayar ba. Muka yi ta hira duk da ƙarar lasifika har aka fara naɗe tebura, ya karɓi lambata.

In ɗan'uwana mai sayar da tsofaffin komik daga nan Arewa maso Yamma ya nemi shawarata, zan ce masa kada ya kama tebur shi kaɗai. Ko dai su haɗu su uku su raba kuɗin, ko ya tafi da jaka ɗaya mai zaɓaɓɓun littattafai ashirin da katin lambarsa, ya sadu da mutane, cinikin ya biyo baya. Ya kuma tambayi inda za a ajiye shi kafin ya biya, a nuna masa taswirar zauren. Masu shirya taro kuwa, da za su ware wa 'yan takarda wuri mai shiru kusa da masu zane, su yi rabin tebur mai sauƙin kuɗi, da sun riƙe mu. Ni dai baɗi in Allah ya kai mu zan koma da tikitin shiga kawai, da yaron nan da zanensa a jaka.

Mun iso Sakkwato da daddare, na mayar da littafi 293 ƙarƙashin gado, na sabunta kafur. Bayan mako biyu dattijon nan ya kira, ya ce jikarsa tana son ta fara karatu, in zaɓo mata biyar masu sauƙin Turanci. Na zaɓa, na naɗe, na kai tasha da safe na ba direban Abuja.