A Manna Wa Ƙashi, Ko A Ɗaura Wa Ƙarfe?

Tun 1975 wani mai binciken ƙashi, Lanyon, da abokan aikinsa suka manna siririyar na'urar auna lanƙwasa a ƙashin ƙwaurin mutum mai rai. Sai an tsaga fata, an kankare ƙashin, an sa gam, wayoyi na leƙowa waje. Awon na ƙashin ne kansa, amma na ɗan gurbin da ta zauna kaɗai. Ba ta daɗewa, ga fargabar ƙwayoyin cuta.

Na'urar cibiyar AO mai binciken gyaran karaya da ke Dabos a Suwizalan kuwa, kan ƙarfen da ya riƙe karaya ake ɗaura ta. Ƙashi na haɗewa, nauyin da ƙarfen ke ɗauka na raguwa, ita kuma tana sanar da wayar hannu ta Bluetooth. Ga mai jinyar karaya, wannan na zaɓa.