Dattawan dirama biyu masu rera rubutattun waƙoƙi a Jos: abin da mai gayya zai samu

Akwai wasu dattawa biyu a Jos da suka daɗe suna fitowa tare a wasan kwaikwayo, yanzu kuma ana gayyatarsu walima da tarukan makarantu su rera tsofaffin rubutattun waƙoƙin Hausa. Ba kiɗa, ba 'yan amshi. Murya biyu ce kawai da takarda.

Gwanintarsu tana wajen rabon baiti. A waƙa 'yar ƙwar biyar, wato mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, irin Infiraji ta Aliyu Namangi, ɗaya yakan ɗauki ɗango huɗun farko masu ƙaramin amsa-amo, wato sautin ƙarshen layi da ke canzawa daga baiti zuwa baiti, ya bar wa abokinsa na biyar, inda babban amsa-amo yake, wanda kowane baiti ke ƙarewa da shi. Da yake muryar na biyun ta fi kauri, kunne yana gane ƙarshen kowane baiti ko da mutum bai taɓa jin waƙar ba. A 'yar ƙwar biyu kuwa ba sa raba baiti, kowa nasa yake kai wa ƙarshe. Haka ya dace, don in aka tsaga shi ma'ana takan yanke a tsakiya.

Abu na biyu shi ne kari, wato awon da waƙa ke tafiya a kai. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, shi ya sa ɗalibai da yawa ke karya waƙa: su ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, kari ya gurgunce. Su waɗannan, inda aka sami kwafin ajami da shi suke gwada na boko, su ja layi a ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi. Numfashi kuma sai ƙarshen ɗango. Kalmomin Larabci da suka cika waƙoƙin wa'azi na zamanin jihadi suna fita da lafazinsu, kuma kafin kowace waƙa sukan yi bayanin minti biyu ko uku kan mawaƙin da kalmomi masu tsauri.

Inda suke tuntuɓe, jinin dirama ne. A waƙoƙin siyasa irin na Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ƙaramin cikinsu yakan ɗaga murya da hannu har ya gaggauta ɗango, abokin ya shigo a makare. Jama'a na tafi, amma awon ya tafi. Sannan in suka wuce minti 40, yara sukan fara hayaniya.

Ga mai shirin gayyatarsu: a nemi ɗaki mai cin mutum 60 zuwa 80, ba filin waje ba. Lasifika biyu, kowa da tasa, nisan taƙi ɗaya daga baki. A gaya wa mai kayan sauti ya kashe eko gaba ɗaya. Masu kayan biki suna son sa, amma yana haɗiye harafin ƙarshe, wato amsa-amon da aka zo ji. Janareta a kai shi bayan gini. In taron ya faɗo a Disamba ko Janairu, sanyin Jos ba ya raga wa maƙogwaron dattijo, don haka a yi shi da hantsi, a tanadi ruwan ɗumi da citta.

A aika musu jerin waƙoƙin da ake so mako guda kafin ranar. Wadda ba su yi gwajinta tare ba, ba sa yarda su rera ta.